Baiti na Biyar a Durowar Nwankwo

Litinin, 7 ga Agusta, 2006, da hantsi

Ya kai littafina, aminin da ba ya kai tsegumi, kwana biyu ban buɗe ka ba, ba don mantuwa ba, sai don hannuna ya yi wa alƙalami tawaye. Abin da ya faru ranar Asabar a ƙofar shagon gem na Nwankwo, inda samari ke biya su buga wasan talabijin, ba zan zayyana shi ba. Bakunan Zuru sun ishe shi. Abin da na tabbatar shi ne, Solomon, ɗan kabu-kabun nan na bayan cocinmu, yana kwance a asibiti kansa a naɗe, samari uku suna hannun hukuma, shagon kuma an garƙame shi da kwaɗo biyu.

Ana cewa waƙa ce ta jawo. Ana cewa.

Ɗazu Saje Gabriel, tsohon soja kuma shugaban dattawan unguwa, ya zo da kansa. An kafa kwamitin mutum bakwai, Musulmi da Kirista, ni Haggai kuma, da yake ni ke koyar da Hausa a sakandare, ni ne magatakarda. A unguwar nan malamai goma sha ɗaya ne. Me ya sa sai ni?

Talata, 8 ga Agusta, bayan la'asar

Mun zauna a zauren mai unguwa. Saje ya shimfiɗa takardar da aka ciro daga bangon shagon, bugun tafireta, baiti huɗu. Ya miƙo mini in karanta. Na karanta da inda-inda, kamar baƙon da ke lalube a ɗakin da bai taɓa shiga ba. Ina fata na iya.

Aka shigo da Nwankwo. Shekara goma sha huɗu yana Zuru, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nawa.

"Oga Nwankwo, wa ya ba ka wannan?" in ji Saje.

"Na tsinta, Saje."

"A ina?"

"A shago."

"Takarda ta yi ƙafa, ta shigo, ta hau bango, ta soka wa kanta ƙusa?"

Aka yi dariya. Nwankwo bai yi ba, bai kuma dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Mutum ba ya ƙin duban wuri haka sai ya san abin da ke wurin.

Wani dattijo ya ce ai shi ya sa aka rubuta. Na ce a hankali, to ai har da 'yan kasuwa aka taɓa a ciki. Saje ya ce, "Wayo ke nan, Tica. Ya zagi kansa kaɗan don ya zagi kowa da yawa."

Hukunci: daga yau zuwa Asabar 26 ga wata, ko ya faɗi sunan mai waƙar, ko ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar. Mai gidan da yake haya yana cikinmu, ya gyaɗa kai. Ni na rubuta hukuncin, da kyakkyawan rubutu.

Ban yi ƙarya ba. Ba a tambaye ni ba.

Laraba, 9 ga Agusta, da safe

Domin tarihi, bari in faɗi yadda wasan yake, tunda na taɓa ganinsa. A watan jiya ruwa ya kore ni zuwa shagon, na tarar da samari sun yi dafifi gaban talabijin, suka roƙe ni in fassara musu Turancin da ke fitowa.

Duniya ce ta ƙage mai al'umma huɗu. Akwai Masu Haske: dogaye, farare, gashi kamar zaren siliki, su ke da birane da littattafai da hikima. Akwai Mutanen Rairayi: rawani, doki, lanƙwasasshen takobi, kuma an tsara wasan yadda duk wanda ya amince musu sai ya yi kuka. Akwai 'Yan Jaka: gajeru, ba su da ƙasa sai shago, idonsu kullum a aljihun mutum. Sai Mutanen Dutse: baƙaƙe, ƙarfafa, da ganguna, da tsage a fuska, da fiƙaƙƙun haƙora. Su ba a ba su harshe ba, gurnani suke yi. Aikinsu a ɗauke su haya a tura su bakin daga.

Waɗanda suka ƙera abin nan a can ƙetaren teku ba su taɓa jin sunan Zuru ba. Amma ba daga iska suka samo siffofin nan ba. Sun bi duniya ne, duk al'ummar da kakanninsu suka raina sun yanko mata ƙyalle, suka ɗinka dodanni. Kakata da ta rene ni a Dabai haƙoranta fiƙaƙƙu ne, ado ne a zamaninta, kuma ban taɓa jin mai daɗin zance kamarta ba.

Abin da ya soke ni ba wannan ba ne. Na lura kowane saurayi, ɗan C'lela irina da Bahaushe da Ibo, Masu Haske yake zaɓa. Na ce da Solomon, "Kai da ka fito daga tsauni, ba ka ɗaukar na Dutse?" Ya ce, "Haba Malam, su ai ba sa cin wasa. Su ake turawa gaba su mutu."

Mahaifina ya je yaƙin Bama a zamanin Turawa. Ya dawo da lambar tagulla da tari.

A ranar ban ci tuwo ba. Abin da na yi maimakon cin tuwon, kai ma ka sani, littafina, domin a bayanka aka yi gwajin farko.

Alhamis, 10 ga Agusta, da azahar

Na yage shafi uku na bayanka. Ka yafe mini.

Juma'a, 11 ga Agusta, da hantsi

Maijidda, mai waina a gefen shagon, ta hango ni ta ɗaga murya: "Malam na boko! Yau ba ka yi muna waƙa? Mi ya hwaru, bakin ya mutu?"

Shekara nawa tana yi mini wannan tsiya, amma yau da wata irin murya ta yi ta. Ko kuwa kunnena ne? Tana nan zaune da tandarta safiyar da na shiga shagon da ambulan a hannu, babu kowa sai Nwankwo yana shara. Mace mai juya waina idonta ba ya kan waina kaɗai.

Na sayi waina ta fi ƙarfin cikina, don kada ta ce na gudu.

Lahadi, 13 ga Agusta, bayan sujada

Fasto ya yi wa'azi a kan harshe, ƙaramar gaɓa mai cinna wa kurmi wuta. Sau uku ya dubi layinmu. Talatu, matata, ta ce agogon bango yake dubawa, wanda ke saman kanmu. Da sauri ta ba da amsar, kamar wadda ta tanade ta.

Ga abin da ke hana ni sakat. Ka'idar masu rubutacciyar waƙa ce tun kaka da kakanni, mawaƙi ya rufe da sunansa a baitin ƙarshe, domin waƙa marar uba shegiya ce. Haka nake koya wa ɗalibaina kowace shekara. Waƙar da ake cigiya baiti biyar ce. Huɗu sun cika shafin farko, na biyar ya tsallaka shafi na biyu shi kaɗai. Nwankwo ƙusa ɗaya ya samu a ranar. Ya kafa na farko, ya jefa na biyu a durowar teburinsa, ya ce gobe. Goben ba ta zo ba.

Teburin nan yanzu yana gidansa. Na ga an shigar da shi. Katanga ɗaya.

Litinin, 14 ga Agusta, da asuba

Na kai tafiretata rumbu, na binne ta cikin dawa.

Talata, 15 ga Agusta, da yamma

Zama na biyu. Saje ya ce, "Tica, kai ne masani. Dubi saƙar waƙar nan ka gaya mana irin mutumin da ya yi ta."

Tarko ne? Na dubi fuskarsa, fuskar soja ce, ba ƙofa ba taga. Na miƙe na yi bayani na kusan rabin sa'a. Na ce mai ita ya san amsa-amo, ya sha karatu, ba yaro ba ne. Na ce da alama ba ɓarna ya nufa ba, kishi ne ya ɗebe shi: ya ga an tattake wata al'umma, ya so ya ɗaga ta, sai ya rasa abin da zai ɗora ta a kai in ba wuyan maƙwabta ba. Na ce Turawan wasan sun ɗinka riguna huɗu na wulaƙanci, amma ba su rubuta sunan kowa a wuyan rigar ba. Shi wannan ne ya ɗauko ya bi gida-gida yana cewa, wannan taka ce, wannan taku ce.

Limamin unguwa ya ce, "Wallahi Malam, kamar ka san shi."

Kamar. Ya ce kamar. Na maimaita kalmar nan a hanya har gida.

Har yau ba a tambaye ni ba.

Laraba, 16 ga Agusta, da azahar

Nwankwo ya gaishe ni ta kan katanga: "Malam, ina gajiya? Yaya aikin kwamiti?" Ya yi murmushi.

Na gane wasansa. Ajiye takardar yake yi kamar yadda ɗan kasuwa ke ɓoye kaya sai sun yi tsada. Zai bari sai ranar ƙarshe, gaban jama'a, ya zaro ta. Ko kuma yana jira in zo in durƙusa ya faɗi abin da yake so.

Na sake karanta abin da na rubuta yanzu. Ɗan kasuwa mai ɓoye kaya. Ashe har yanzu da idon wasan nan nake dubansa.

Duk da haka, me ya sa ya yi murmushi?

Juma'a, 18 ga Agusta, da la'asar

Kwamiti ya aike ni asibiti in ɗauki bayanin Solomon. Kunnensa na hagu ba ya ji, likita ya ce sai a hankali. Na tambaye shi wa ya fara, ya ce, "Malam, ni dai na san mun rera baitinmu, sauran samarin ma suka rera shi da wata murya, mu kuma muka rera nasu. Daga nan sai na farka a nan."

Damuwarsa ba raunin kansa ba ce. Bana ce shekararsa ta ƙarshe a golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, ga gonar baban Leah, budurwarsa, ciyawa ta kai gwiwa, ga shi a kwance.

Da zan tafi ya riƙo hannuna. "Amma Malam, ko wane ne ya yi waƙar nan, ya san mu. Ji fa." Ya rera, da kai a naɗe:

*Mutanen Dutse, ginshiƙin fagen fama,*
*Ku ne a gaba ran yaƙi, ku ne a baya ran girma,*
*Hannunku ya san gatari, ya san noma,*
*Wanda ya raina ku bai san ƙasa ba, balle sama.*

"Tun da na ji ta," in ji shi, "na Dutse nake ɗauka. Ban taɓa ci ba, amma su nake ɗauka."

Shekara ashirin da shida ina tsara baiti, ba a taɓa rera mini nawa da irin wannan zuciya ba. Na ji daɗi, littafina. Allah ya gafarta mini, kafin kunya ta iso, daɗi ne ya riga ta.

Sauran baiti ukun ba zan rubuta su a cikinka ba, yau ko gobe.

Asabar, 19 ga Agusta, da safe

Saura mako guda. Ruwa tun asuba.

Litinin, 21 ga Agusta, da hantsi

Talatu ta je ɗiban dawa. Ta dawo ta dire tafireta a kan teburina, ƙwayoyin dawa na zuba daga tsakanin haruffa.

"Baban Rachel, bana rumbunmu ya yi albarka. Har injin ya haifa."

Na ce ɓeraye nake gudar mata.

"A rumbu? Ka kai kaza gidan muzuru ajiya." Ta karkaɗe zanenta. "Veronica matar Nwankwo ta fara sayar da tukwanenta. Jiya ta kawo mini turminta, ta ce ba zai shiga mota ba. Shekara goma sha huɗu muna daka tare. Ni ban karɓa ba."

"To ni me zan yi? Kwamiti ne ya yanke."

"Ban ce ka yi komai ba. Ni ban iya waƙa ba."

Ta fita. Tun yaushe ta sani? Wa ta gaya wa? Matan zumunta na coci suna taro ran Laraba.

Talata, 22 ga Agusta, da azahar

Na lissafa abin da zai tafi in sunan ya fito: aikin makaranta watakila, waƙoƙin da nake tsara wa mawaƙan coci tabbas, gaisuwar da limami ke yi mini da hannu biyu, da sunan mahaifina. Shi kuwa Nwankwo ai yana da garinsu. Ɗan kasuwa ko'ina gida ne.

Wannan ma daga wasan na ɗauko shi. Can ne aka ce ba su da ƙasa sai shago. 'Yarsa Onyinyechi a asibitin da Solomon ke kwance aka haife ta, harshenmu na C'lela ta fi ni iyawa.

Ba a tambaye ni ba. Na rubuta wannan sau uku yau, bai yi nauyin da ya saba yi ba.

Alhamis, 24 ga Agusta, da yamma

Na kasa. Na zaga na shiga gidansa, da nufin in ji farashinsa in huta.

Kwalaye ne har bakin ƙofa. Yana tsugune yana ɗaure talabijin da igiya. Na fara doguwar shimfiɗa a kan maƙwabtaka da amana, ya katse ni.

"Malam, Hausarka tana da tsawo, ni kuma igiyata gajera ce. Takarda ka zo nema?"

Ya jawo durowa, ya zaro ta, ya miƙo mini. Haka kawai.

Na ce, "Me kake so?"

"Me zan so? Taka ce. Veronica ta so ta kai wa Saje tun ranar farko, na ɓoye ta cikin Baibul, na san can ba za ta yi faɗa ba."

"To don me ka yi shiru?"

Ya ci gaba da ɗaurinsa. "Ni na kafa ta a bango. Na ga yara suna so, na ce za ta kawo kasuwa. Ko baitin da ka zage mu na yi dariya. To ina da laifi. Kuma ni in na tafi Wasagu, ƙanina yana can, zan buɗe wani shago. Zafi ne, amma zan rayu. Kai fa? Kabarin babanka yana Dabai. In suka tofa maka yawu a nan, ina za ka ɗauke shi ka kai?"



"Riƙe mini nan," in ji shi. Na sa yatsa a kan ƙullin, ya ja igiya.

Juma'a, 25 ga Agusta, da safe

Takardar tana aljihuna. Babu sauran shaida a duniya. Talatu ta hura murhu ta tafi kasuwa, ta bar wutar tana ci, abin da ba ta taɓa yi ba. Na tsaya a kanta har ta zama toka.

Wutar nake nufi.

Juma'a, da la'asar

Na karanta baitin na biyar sau ɗaya. Wanda ya rubuta layi na uku, ina ma in san shi.

Asabar, 26 ga Agusta, da yamma

Zauren ya cika har waje. Motar kaya tana tsaye a ƙofar gidan Nwankwo tun safe. Saje ya tambaye shi karo na ƙarshe, ya ce, "Na tsinta." Saje ya ce, "Tica, karanta hukunci."

Na miƙe. Na ce kwamiti ya yi aiki da takarda ragagga, ni kuwa a matsayina na magatakarda ba zan rufe littafi a kan rabin shaida ba. Na zaro ta. Wannan karon ban yi inda-inda ba:

*In an yi cigiyar wanda ya yi waƙa,*
*Ku ce Haggai na Dabai, shi ya saƙa,*
*Ɗan tsohon sojan Bama, ba ya shakka,*
*Sunansa na nan, kowa ya ɗauka.*

Saje ya fashe da dariya. "Tica, ba lokacin wasa ba ne." Sai ya karɓi takardar, ya kara ta da ta farko, dariyar ta bushe a fuskarsa. Limami ya yi salati. Daga taga na ji Maijidda: "Malam na boko? Wanga bawan Allah? Ni da nike cewa ko ƙuda bai iya kashewa!"

Babu wanda ya taɓa zargina, littafina. Ko mutum ɗaya. Kwana ashirin ina karanta tuhuma a fuskokin da ba a rubuta komai a kansu ba. Fasto agogo yake dubawa.

Abin da aka faɗa mini bayan nan ba zan zayyana shi ba. Na cancanci fiye da rabinsa. Limami bai ba ni hannu ba da aka tashi. Maganar makaranta an ce sai an dawo hutu. Nwankwo zai zauna, zai buɗe shago, faifan wasan nan kuma mai unguwa ya karya shi a gwiwarsa, ko da yake na san ba a faifai cutar take ba.

Ni kuwa Saje ya ce, "Ka ce hannunku ya san noma. To gonar surukin Solomon tana jira. Kai za ka ƙarasa masa golmon bana, daga Litinin har a yanke dawa. Kuma kafin ka ajiye alƙalamin kwamiti, rubuta sunan mai laifi da hannunka."

Na rubuta, da kyakkyawan rubutu.

Da na dawo na ji daka ta bayan katanga, taɓarya biyu a turmi ɗaya. Talatu ta shigo daga baya, ta jingina fartanya a jikin teburina, kusa da tafireta. Shekarata hamsin da ɗaya, rabon tafina da ƙota tun ina saurayi.

Yau ma ba a tambaye ni ba. Na faɗa.